Aiki a kamfanin fintek: me ya sa wani ke yabo wani ke kuka alhali kamfani ɗaya ne

Ƙanena ya kira ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, abin da bai saba ba, har gabana ya faɗi na ɗauka wani abu ne ya faru a gida. Ashe aiki ya samu. Wata biyar kenan da gama bautar ƙasa yana zaune, sai ga wani kamfanin fintek ya turo mishi takarda, irin kamfanonin nan na tura kuɗi ta waya da injin POS. Damuwar shi ita ce ya shiga intanet yana karanta abin da waɗanda suka yi aiki a wajen ke cewa, sai ya ga magana biyu da ba sa haɗuwa, wasu na cewa wallahi ba su taɓa aiki a wuri mai daɗi irin wannan ba, ana mutunta ka, ana koya maka aiki, albashi ba ya wuce ranar shi, wasu kuma na cewa in kana son lafiyarka kar ka kusanci wajen, bauta ce kawai aka sa mata sunan aiki. Ya ce Yaya, su waye ke ƙarya a cikinsu?

Na ce mishi duka gaskiya suke faɗa. Na san haka ne saboda na yi kusan shekara huɗu a irin wannan kamfani, ba zan kama sunan shi ba, na fara da yawon kasuwa ina raba injin POS a Kano, daga baya aka mai da ni sashen amsa koken kwastoma. Abin da na waje bai gane ba shi ne kamfanin fintek suna ɗaya ne a bakin ƙofa amma in ka shiga gidaje uku ne ko huɗu a ciki, kuma mutanen gidajen nan sai su shekara ba su ga juna ba. Mai yabo da mai tsinuwa tambari ɗaya ne a rigarsu, shikenan abin da ya haɗa su. Shi ya sa ban fara tambayar shi nawa ne albashin ba, cewa na yi wane aiki suka ba ka, kuma sunan wa ke saman takardar, kamfanin da kan shi ko wani kamfanin dillancin ma'aikata?

Kafin a gane gidajen nan sai an gane inda kuɗin yake fitowa, don duk halin da za ka gani a ofis daga nan ya samo asali. Banki irin na da ajiyar mutane yake juyawa yana cin riba a hankali, shekara hamsin yana nan inda ka san shi. Su kuwa waɗannan da kuɗin masu zuba jari na waje suka tashi, da dala. A Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan sama da dala miliyan 200, kamfanin da samari biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, suka kafa a 2015, wannan cinikin ya sa idon masu kuɗin duniya ya ƙara dawowa Legas. A 2021 OPay ya karɓi dala miliyan 400 wanda SoftBank na Japan ya jagoranta, a Fabrairun 2022 aka ƙiyasta darajar Flutterwave a kan sama da dala biliyan 3, a Oktoban 2024 kuma Moniepoint ya karɓi dala miliyan 110 darajar shi ta kai biliyan ɗaya. Mai zuba irin wannan kuɗi ba ribar kashi goma cikin ɗari yake nema ba, so yake kuɗin shi ya ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru, kuma a dala. Shi kuwa kamfanin a naira yake samu, 'yan canjin da ake yanka a kan tiransifa da cire kuɗi a POS. Toh ka duba, kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500, kenan kamfanin da yake son nuna wa mai jari irin dalar da ya nuna mishi bara sai ya tara naira ninki uku. Daga ina za ta fito in ba daga yawan kwastoma da yawan hada-hada ba? Wannan lissafin ne ake yi a ɗakin taron manya a Legas ko Landan, a mai da shi lamba, lambar ta sauko kan shugaban sashe, ya raba wa manajojin shiyya, su raba wa na jihohi, har ta iso kan yaron da ke tsaye a Kantin Kwari da jakar goyo a baya, a nan ne sunanta yake komawa taget. Kowa a kamfanin yana ɗauke da lambar nan, bambancin kawai a inda take danna kowa ne.

Gida na farko na injiniyoyi ne, masu rubuta manhajar, da masu tsara yadda za ta kasance. Yawancin yabon da kake gani a intanet daga nan yake fitowa kuma ba ƙarya suke ba. Albashinsu mai kyau ne, ana ba su laftof mai tsada, inshorar asibiti, kuɗin data, wasu daga gida suke aiki sai sun ga dama su leƙa ofis. Dalilin a fili yake, injiniya mai kyau zai iya zama a ɗakin shi a Kaduna kamfanin Jamus ko Kanada ya ɗauke shi yana biyan shi da kuɗin waje, ko ya tattara ya bar ƙasar gaba ɗaya kamar yadda da yawa suka yi, toh dole a lallaɓa shi. Amma su ma suna da nasu. Kuɗi ba ya barci, saboda haka akwai satin da kai ne mai gadi, waya a gefen filo, ƙarfe biyun dare za ta iya ƙara wai tiransifa ta tsaya, dole ka tashi ka buɗe laftof ko da ranar ka dawo daga biki ne a gajiye. Ƙarshen wata, jajibirin Sallah, watan Disamba, lokacin da kowa ke murna su a lokacin zuciyarsu take a hannu. Ga kuma tsoro, layi ɗaya ka rubuta ba daidai ba kuɗin mutane ya tafi inda bai kamata ba, ranar da 'yan damfara suka samu ƙofa kuwa na ciki ake fara kallo. Wani abokina injiniya ya ce min shi abu ɗaya yake auna kamfani da shi, in abu ya lalace aka zauna taro washegari, me ya lalace ake tambaya ko wa ya lalata. Inda ake neman wa ya lalata kowa sai ya koyi ɓoye kuskuren shi, kuskuren da aka ɓoye kuwa a harkar kuɗi girma yake yi.

Gida na biyu shi ne nawa, masu amsa kwastoma. Nan ne za ka san cewa kuɗi ran mutum ne. Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa in ka tura kuɗi, don shi ne tushen wahalar aikin. Kuɗin da ka tura daga manhajar fintek zuwa wani banki ba kai tsaye yake tafiya ba, yana bi ta NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya, sannan ya isa bankin wanda ka tura wa, shi ma sai na'urar shi ta amsa. Hannu uku kenan a ƙalla. In ɗaya ya samu matsala sai a cire maka kuɗi bai shiga can ba, ya rataye a tsakani. Kai kwastoma manhajar da ke wayarka ka sani, ita za ka kira, wanda zai ɗauka kuwa yaro ne ko yarinya da ba shi da ikon dawo da ko kwabo, abin da zai iya kawai ya shigar da koke ya ce maka ka yi haƙuri kuɗinka zai dawo cikin awa kaza. Zagin da na sha a kujerar nan Allah ne kaɗai ya san adadin shi, kuma ban taɓa ganin laifin masu zagin ba. Akwai daren da wani bawan Allah ya kira daga asibiti, matar shi na ɗakin haihuwa an ce sai an yi aiki, ya tura kuɗin sun rataye, yana cewa ɗana don girman Allah ka taimake ni, ina kallon kuɗin shi a fuskar kwamfuta amma ba ni da maɓallin da zan danna. Na bi duk wanda zan iya bi a daren, sai wajen asuba suka dawo. Har yau ban san yadda ta ƙare da matar ba, kuma har yau abin yana dawo min.

Duk da wannan da lamba ake auna ka, koke nawa ka rufe a rana, minti nawa ka ɗauka kafin ka amsa, tauraro nawa kwastoma ya ba ka bayan kun gama. Mutumin da kuɗin shi ya rataye tauraro ɗaya zai ba ka ko da ka yi mishi magana kamar mahaifinka, don haushin shi yake saukewa, a ƙarshen wata kuma tauraron nan a kanka zai bayyana. In kana jin Hausa kuma ku kaɗan ne masu ji, duk kiran da aka fara da salamu alaikum kai ake turo wa, aikin ya ninka albashin yana nan yadda yake. Da yawa daga masu wannan aiki ma ba ma'aikatan kamfanin ba ne a takarda, kamfanin dillanci ne ya kawo su, suna amsa waya da sunan kamfanin amma ranar rabon bonas ba sa cikin lissafi.

Gida na uku su ne 'yan fili, kuma a arewa yawancin yaranmu nan ake ɗaukarsu, shi ya sa zan daɗe a kai. Aikin shi ne ka shiga kasuwa, Singa, Sabon Gari, Kwari, Dawanau, ka shawo kan ɗan kasuwa ya karɓi injin POS ɗinku ko ya buɗe asusun kasuwanci. Albashin tushe kaɗan ne, wani wajen ma babu, kwamishan ne abincinka. Kuma ba a kan ba da injin kawai ake biya ba, sai injin yana aiki, sai ana wuce da kuɗi ta cikin shi kullum har ya kai wani adadi. Yanzu ka je shagon kowane babban ɗan kasuwa za ka ga inji biyu ko uku a tebur kala daban-daban, wanda netwok ɗin shi ya fi kyau a ranar shi ake ɗauka, in Alhaji ya jefa naku a durowa sati biyu sai a kira ka a ce ka je ka sa ya yi amfani da shi ko ka karɓo, kwamishan ɗinka kuma ya tafi. Kuɗin adaidaita, katin waya, ruwan da za ka sha a ranar Kano ta watan Afrilu, a wurare da yawa daga aljihunka ne. Sannan ga guruf ɗin WhatsApp, kowace safiya a saka jerin sunaye daga wanda ya fi kawowa zuwa na ƙarshe, na sama a tafa mishi, na ƙasa a kira sunan shi gaban kowa a ce ya yi bayani. Na ga magidanci mai 'ya'ya uku yana rubuta ban haƙuri a guruf ga yaron da bai kai ƙanen shi ba. Wannan abin ya fi rashin kuɗin ciwo.

Amma babban nauyin da ke kan ɗan fili wanda ba a rubuta shi a kowace takarda ba shi ne mutuncin shi. Ɗan kasuwarmu bai san wani kamfani a Legas ba, kai ya sani. Ya karɓi injin ne saboda ya san mahaifinka, ko kuna sallah masallaci ɗaya, ko wani da ya yarda da shi ya ce yaron kirki ne. Lambar wayarka ce a hannun shi. Ranar da aka rufe mishi asusu saboda bincike, ko miliyan biyun shi ta rataye ana gobe zai biya kaya, ba imel zai rubuta ba, ƙofar gidanku zai zo, in bai same ka ba ya samu Baba a zaure. Kamfani ya ci amanar da iyayenka suka shekara arba'in suna ginawa a unguwa ya mai da ita kwastoma, kai kuma ba ka da ikon buɗe asusun da aka rufe, ba ka ma san dalilin rufewar ba don ba a gaya maka. Kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi, na ji 'yan fili sun faɗi wannan karin maganar ya fi a ƙirga.

Lokacin da na fi gane halin wajen aikina shi ne farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Babban Banki ya sanar da sauya fasalin naira a Oktoban 2022, aka sa wa'adin tsofaffin kuɗi ƙarshen Janairu aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, takardar kuɗi ta ɓace, manhajojin manyan bankuna suka riƙa faɗuwa saboda cunkoso, jama'a suka kwararo wajen fintek, mai shayi da mai kayan miya duk suka koma karɓar tiransifa. Ga kamfanonin wannan kaka ce, kwastoman da za su shekara suna nema suka samu a 'yan makonni. Ga mu masu amsa waya kuwa kira ya ninka mu ba mu ƙaru ba. A watan nan manaja biyu na gani a sashe ɗaya. Ɗaya mace ce, ta ajiye aikinta ta sa abin kunne ta zauna tana amsa kira tare da mu, in ta ga muryar mutum ta fara rawa sai ta ce tashi ka sha iska minti goma ni zan riƙe, ta je sama ta yi faɗa har aka biya mu kuɗin ƙarin lokaci. Ɗayan kuwa daga gida yake turo saƙo yana tambayar me ya sa lambobi suka yi ja. Kamfani ɗaya, dokoki ɗaya, wata ɗaya. Wanda ya yi aiki ƙarƙashin ta zai rubuta yabo, wanda ya yi ƙarƙashin shi zai rubuta tsinuwa, kuma ba wanda ya ƙara gishiri.

Taget kuma in ya yi yawa yana koya wa mutum abin da bai da niyya. Na san yaran da suka buɗe wa kakanninsu asusu don cike lamba, na san waɗanda suka riƙa juya kuɗinsu tsakanin inji da inji don ya nuna yana aiki, na sama kuma suna gani suna kau da kai tunda lambar tana hawa. Irin wannan sakacin wajen tantance kwastoma yana cikin abin da hukuma ta daɗe tana ƙorafi a kai. A Disambar 2023 Babban Banki ya ce dole kowane asusu ya kasance da BVN ko NIN, a ƙarshen Afrilun 2024 kuma ya hana OPay, PalmPay, Kuda, Moniepoint da Paga ɗaukar sabbin kwastoma, sai a watan Yuni aka ɗage. Injiniya albashin shi bai motsa ba a makonnin nan, aiki ma ya ƙaru mishi. Amma ka yi tunanin wanda abincin shi a kan sabon kwastoma yake, an ce kar a ɗauki sabo, kuma lokacin da kuɗin mota da na abinci suka riga suka tashi bayan cire tallafin mai.

Akwai maganar da za ka ji tun ranar farko, wai mu nan iyali ɗaya ne. Ba a cewa ranka ya daɗe, shugaban kamfani da sunan shi ake kiran shi, ba kwat ba laƙataye, kowa da riga mai tambari. Gaskiya wannan yana da daɗi, musamman ga wanda ya taɓa aiki inda sai ka rusuna kafin ka yi magana, a nan yaro ɗan shekara 24 zai iya cewa wannan tsarin ba daidai ba ne a saurare shi. Sai dai kalmar iyali tana da amfani biyu, da ita ake jawo ka kuma da ita ake sa ka jin kunyar kashe waya ranar Lahadi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, miyar kuwa ta fara ƙarewa a 2022 lokacin da kuɗin ruwa ya tashi a Amurka masu jari suka ja hannu. Wave na Senegal ya rage wajen kashi 15 cikin ɗari na ma'aikatan shi a tsakiyar shekarar, Chipper Cash ya yi ta sallama kashi-kashi daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023, Paystack ma a Nuwamban 2023 ya sallami mutum 33 a ofisoshin shi na waje. Rage ma'aikata ba zunubi ba ne in kasuwa ta juya, yadda ake yin shi ne abin dubawa. Na ga wanda aka ba shi albashin wata uku aka bar mishi inshorar asibiti har ya samu wani aikin, na kuma ga wanda aka kira taron bidiyo na minti goma, kafin ya ajiye waya an rufe mishi imel, bai ko yi sallama da abokan aikin shi ba.

Hannun jari ma da ake kwaɗaita wa ma'aikata yana buƙatar a fahimce shi. Yadda aka saba, ana ba ka shi ne a kan shekara huɗu, in ka tafi kafin shekara ɗaya ba ka da komai, bayan nan yana taruwa kaɗan-kaɗan. Kuma takarda ce kawai har sai an sayar da kamfanin ko ya shiga kasuwar hannun jari, ko kamfanin da kan shi ya yarda ya saya daga hannunka. Labarin Paystack ya sa kowa na ganin shi ma watarana zai fashe, Allah ya sa, amma kar ka yarda a rage maka albashin yau saboda shi. Ɗan fili da mai amsa waya ma galibi ba a kawo musu zancen.

Ta ɓangaren doka kuwa na gaya wa ƙanena abin da ni ba wanda ya gaya min. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikin shi a rubuce cikin wata uku da farawa, kuma wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba sanarwar sati ɗaya kacal doka ta wajabta kafin a sallame shi. Sannan dokar ba ta rufe masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, su abin da ke cikin kwantiraginsu shi ne makaminsu in an je kotun ma'aikata, toh karanta takardar nan layi-layi ya fi komai. Fansho kuma dokar 2014 ta ce kamfani ya sa kashi 10 kai a cire maka kashi 8, ka riƙa duba asusun fanshonka da kanka ka ga ko yana shiga, don ganin an cire a takardar albashi ba shi ne ya shiga ba. Bankuna suna da ƙungiyoyin ma'aikata tun da daɗewa, ni dai a shekaruna huɗu ban taɓa jin an ambaci ƙungiya a wajen aikinmu ba, in kana da koke ofishin kula da ma'aikata ne kawai, su kuma kamfani ke biyansu.

Sai abin da ya shafe mu 'yan arewa musamman. Shawara a Legas ake yanke ta, a Lekki ko Ikeja ko Yaba, ƙarin girma kuma yana bin wanda ake gani. Kana iya zama kai ka fi kowa kawo kasuwa a Kano da Jigawa da Katsina amma sunanka lamba ce a allo, wanda ke cin abincin rana da oga shi ake tunawa. An sha sa mana taro ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a, ba don mugunta ba, wanda ya sa bai ma tuna ba ne, da muka yi magana aka gyara, amma sai da wani ya yi ƙarfin halin yin maganar. Azumi taget ba ya raguwa, kana yawo a kasuwa da ƙishirwa lambar tana nan yadda take a Sha'aban. 'Yan'uwanmu mata da ke aikin fili suna da nasu ƙarin, shiga shaguna, maganganun banza daga wasu, da dawowa gida bayan magariba a yi ta bayani. Ga kuma zancen riba, wanda ba a cika faɗa a fili ba amma yana cin mutane a zuci. Tura kuɗi da POS ba wanda ke da matsala da su, amma yawancin kamfanonin suna da ajiya mai kuɗin ruwa da bashi mai kuɗin ruwa, kuma wataran za a ce wannan watan bashi za ku tallata. Na san wanda ya nemi a canza mishi sashe saboda haka aka canza mishi ba gardama, na san wanda aka ce mishi aiki aiki ne, ya ajiye ya koma neman gurbi a bankunan da ba sa harkar ruwa irin su Jaiz da TAJ. Wannan tambaya ce da ya kamata mutum ya kai wa malamin da ya yarda da shi kafin ya sa hannu, ba bayan ya saba da albashi ba.

Mafi muni a wannan fanni su ne ƙananan manhajojin ba da bashi, waɗanda ke kwashe lambobin wayarka su tura wa surukanka saƙo wai kai ɓarawo ne. A Maris ɗin 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas. Kowa ya tausaya wa waɗanda aka tozarta kuma sun cancanci tausayi, amma masu tura saƙon ma yara ne masu digiri da aka ba taget ɗin karɓo bashi aka ce in ba ka kawo ba babu albashi. Na ce wa ƙanena in irin wannan ne ko nawa za su ba ka kar ka je, gara ka ci gaba da zama.

Duk da abin da na lissafo ba na nadamar shekarun nan, kuma zan zama mara adalci in ban faɗa ba. A wata shida na koyi abin da wani ke shekara biyar bai koya ba, yadda ake magana da ɗan kasuwa, yadda ake karanta lambobi, yadda kuɗi ke yawo a ƙasar nan. Ba a tambaye ni ɗan waye ni ba kafin a ɗauke ni, ban kai takardar wani babba ba, jarabawa na yi na ci. Albashi bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Kuma akwai daɗin da ke cikin ka je ƙauyen da babu banki ko ɗaya ka ga tsohuwa ta karɓi kuɗin da ɗanta ya turo daga Fatakwal a shagon da kai ka kai wa injin, ba ta hau mota ta tafi birni ba.

Da ƙanena ya turo min takardar na duba, kamar yadda na zata aikin fili ne, kuma sunan kamfanin dillanci ne a sama. Na ce ya koma ya tambaye su nawa ne tsayayyen albashi ban da kwamishan, wa ke biyan kuɗin mota, me ke faruwa in mutum bai cika taget ba wata biyu a jere, akwai fansho da asibiti ko babu, sannan ya nemi mutum biyu da ke ƙarƙashin manajan da za a ba shi ya zauna da su su sha shayi, ba wanda manajan zai zaɓo mishi ba. Ya yi duka. Fansho akwai, asibiti babu sai bayan wata shida, kuɗin mota rabi suke biya, yaran kuma sun ce ogan yana da zafi amma ba ya zagi a guruf, in zai yi faɗa kiranka yake kai kaɗai. Ya ce Yaya zan gwada shekara ɗaya. Na ce Allah ya sa albarka, amma kar ka fara da 'yan unguwarmu ko abokan Baba, ka tafi kasuwar da ba a san gidanmu ba har sai ka ga yadda suke yi in kuɗin mutum ya maƙale. Ranar Asabar na je kasuwar waya ta Farm Centre na sayo mishi ƙaramar waya da sabon layi wanda zai riƙa ba 'yan kasuwa, Litinin ya fara fita.